Tsohuwar mota a Damagaram: amsoshin tambayoyinku kan zafi, baƙin mai da taya

Da bazara ta kama, yawancin tambayoyin da suka iso kan mota suke, kuma duk tsofaffi. Na ɗauki biyar.

Ina da Corolla ƙirar 1996. Cikin gari lafiya lau take, amma in na kama hanyar Mirya ko Matamai sai allurar zafi ta haura. Bakanikena ya ce a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, sannan in sayi sabuwar radiyata. Albashin koyarwa nake ci. Me zan fara saya? (Malamin makaranta, Garin Malam)

Malam, kada ka sayi komai tukuna, kuma kada ka yarda a cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa radiyata har sai inji ya ɗumama.

Tambayarka ta riga ta nuna inda ciwon yake. Motar da ke zafi a tsaye, ko cikin cunkoson Kasuwar Dole, fankarta ake tuhuma, don a nan babu iskar tafiya. Wadda ke zafi a kan doguwar hanya kuwa iska na isarta, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata. To haɗa fanka kai tsaye ba zai yi maka maganin komai ba, sai dai ya gajiyar da fankar da batir.

Gobe da sassafe, kafin ka tada ta, buɗe marfin radiyata ka haska da tocila. Za ka ga bakunan ƙananan bututu a jere. In ka ga farin ɓawo ya daskare a kansu, ko ruwan ya yi ja kamar kunun kanwa, ka gano ɓarawon. Kowa ya san halin ruwa a garin nan, abin da mai kura ya kawo shi muke sha, shi muke zuba wa mota. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da gishirin ƙasa, duk lokacin da suka yi zafi sai su bar shi a cikin bututun, shekara da shekaru har hanya ta toshe. Daga nan ka duba radiyatar ta waje: ƙura, ƙaiƙayi, leda da matattun fari suna liƙewa a tsakanin haƙarƙarinta. Wanke ta da ruwa mai sauƙin ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje. Injin wankin mota mai ƙarfi yana kwantar da haƙarƙarin, ka hana yaran wanki kusanto da shi.

Shi kansa marfin ka juya shi ka dubi robarsa. Mutane na raina shi, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robar ta tsage, ruwa na tafasa da wuri ya zube, kai kuma ka dinga ƙari kana zargin inji. A duk kayan sanyaya inji babu mai arahar marfi, shi ne farkon abin saye. A samansa akwai lamba, 0.9 ko 1.1, ka sayi mai irin lambar naka.

Tamostat kuwa gwajinsa a madafa ake yi. A kwance shi, ka jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Na irin motarka yana fara buɗewa a digiri 82, wato kafin ruwa ya tafasa za ka ga bakinsa ya buɗe. In ruwa ya tafasa yana rufe, ya mutu, a sa sabo. Masu cewa an yi shi ne don sanyin Turai sun manta da asubar Disamba da Janairu a nan. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa esans, man ya wanke baƙin mai daga bangon silinda, zoben fistan ya cinye. Kana biya sau biyu, a gidan mai da garaji. Banda haka, a injinan Toyota da yawa tamostat in ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya ta cikin inji, ya tilasta wa ruwa bi ta radiyata. Ka cire shi, wani ruwan ya dinga zagaye a ciki bai je ya huce ba.

In an wanke radiyata kuma har yanzu tana zafi, sai a zo maganar saye. Ni na fi son ta hannu da aka ciro daga motar Turai a kan sabuwa mai arha, don waccan ta yi rayuwarta da ruwan sanyaya inji na kwalba, cikinta tas yake. Amma ka kankari wuyan robarta da farce. In ya koma ruwan ƙasa yana marmashewa, bar musu abarsu. Bayan ka sa, ka yi ƙoƙari ka cika ta da ruwan kwalban nan, iri ɗaya, kada ka gauraya kala-kala. In aljihu bai kai ba, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ko tataccen ruwan sama sun fi na rijiya nesa ba kusa ba.

Akwai alamomi uku da in ka gani, aikin ya wuce hannunka: kumfa na tasowa a wuyan radiyata inji na aiki, farin hayaƙi mai yawa a salansa bayan mota ta ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Juwan kulas, wato gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ne ya ƙone, sai garaji. Kuma in allura ta hau a hanya, kunna hita har ƙarshe, ka sauka gefe ka kashe. Kada ka taɓa marfi sai ka iya ɗora tafin hannu a kan radiyata, kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi, kansa na iya lanƙwasa.

Ina sayar da atamfa, ina cin kasuwannin Magarya da Matamai. Dillali ya nuna mini Peugeot 406 mai kyau da sauƙin kuɗi, da kuma Corolla ƙirar 2003 da ta fi ta tsada sosai. Wacce zan ɗauka? (Ƴar kasuwa, Sabon Gari)

Hajiya, kafin ki koma wurin dillali ki aiki yaronki wurin masu sayar da kayan gyara, ya tambayi kuɗin famfon ruwa, na fulogin wuta da na roban ƙafa na kowacce, kuma ya tambaya ko akwai su a shago yanzu ko sai an aika Kano. Amsar da zai kawo ita za ta zaɓa miki.

406 mota ce mai daɗin zama, tana shanye gargada, amma tun 2004 aka daina ƙera ta a Faransa, kuma in wayoyinta suka fara rikici sai mai haƙuri. Injinta da bel yake tafiya a ciki, wanda ƴan garaji ke kira distribisiyon, in ya tsinke a kan tafiya fistan na bugun bawul, gyaran ya zama na buɗe inji. Corollar 2003 mai injin VVT-i sarƙa gare ta, ba ta da wannan fargabar. Nata aibin shi ne injinan da aka yi kafin 2005 sun yi suna wajen shan baƙin mai. Ga mai tafiyar kasuwa mako-mako ni Corolla zan ce, amma sai an gwada ta.

Ki sa lokacin dubawa da safe, ki ce kada a tada ta sai kin zo. Bakanikenki, ba na dillali ba, ya taɓa inji ya tabbatar da sanyi yake. Wani ya tada, ke ki tsaya a baya: shuɗin hayaƙi na nufin tana ƙona baƙin mai. Lambar kilomita kada ta ruɗe ki, ana mayar da ita baya. Robar fedar birki da ta kuloci da sitiyarin da ya yi santsi sun fi ta gaskiya. Sai takardu: lambar shasi ta jikin mota ta zo daidai da ta kart giriz, wato katin rajistar mota, harafi da harafi, kuma a nuna miki takardar duwan. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 motocin da a da ke shigowa ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome, kawo su ya ƙara tsada, shi ya sa tsofaffin cikin gida ke shan sabon fenti suna komawa kasuwa. Kuma kada ki zube duk kuɗin a hannun mai mota. Ki rage na bidanj, wato canjin baƙin mai, da na taya da birki, don ba a taɓa sayen tsohuwar mota ba ta nemi wani abu a watan farko ba.

Baƙin mai na awo da ake sayarwa a bakin hanya ya fi na galan sauƙi. Akwai bambanci? Kuma zan iya yin bidanj da kaina? (Mai Starlet, Birni)

Ɗan'uwa, bambancin shi ne na galan ka san abin da ke ciki. Na awo zai iya zama mai kyau daga duro, zai iya zama tsohon mai da aka tace, kuma ido ba ya rabe su. Saya a gidan mai ko shagon da ka sani, ka duba hatimin marfin bai taɓu ba. Ga tsohon inji a zafinmu, 20W-50 ko 15W-40 sun isa. Bayan ka juye, huda galan ɗin kafin ka yar, don da irinsa ake cika jabu.

Bidanj aikin rabin awa ne. Ɗumama inji kaɗan, ka ajiye mota a wuri mai lebur, ka tara kwano, ka kwance noti. In za ka shiga ƙarƙashi kada ka dogara da jak kaɗai, sa kututture mai ƙarfi. Canza filtar mai duk lokacin da ka canza mai, ka shafa wa robar sabuwar ɗan mai, ka ɗaure ta da hannu ba da sifana ba. Notin ma kada ka hau shi da ƙarfin tuwo, in zarensa ya lalace ka jawo wa kanka aiki. Littafin mota na iya cewa kilomita 10,000, amma ba da ƙurarmu aka yi lissafin ba. Ka riƙe 5,000, ka rubuta lambar a takarda ka liƙa a gindin ƙofa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutum ya sayi mai mai tsada ya bar filtar iska a yage. Yashin da ya wuce ta ita kai tsaye silinda yake shiga. Lokacin hunturu ka ciro ta duk mako ka kakkaɓe, in za a hura mata iska a hura daga ɓangaren da ke da tsabta. Ɗaga ta ga rana, in ka ga huda komai ƙanƙantarta, ta gama aiki.

Tayoyin hannu na Turai ko sababbi ƴan China? Ina yawan zuwa Maradi. (Direba, Zango)

Malam direba, zanen taya ba shi ne shekarunta ba. A gefenta akwai rubutun DOT, a ƙarshensa lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Wadda ta haura shekara shida robarta ta bushe ko da zanenta na sheƙi, kuma kwaltar Maradi da tsakar ranar Afrilu, kilomita wajen 240, ba ta yafe wa busasshiyar taya. Wasu na hannun nan ma tayoyin sanyi ne, za ka gane su da hoton dutse mai ƙanƙara a ciki. Robarsu taushi gare ta, zafi na cinye ta da wuri. Sabuwa mai matsakaicin kuɗi wadda aka yi bara ta fi babbar alama mai shekara tara. In ka ga an rubuta ajin zafi, nemi A ko B.

Iska kuma da safe ake aunawa, adadin na rubuce a gindin ƙofar direba, a ƙananan motoci wajen bar 2.2 ne. Rage iska wai don kada zafi ya fasa taya kuskure ne babba, tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ke lanƙwasa ta yi zafi ta fashe.

Batirina shekara ɗaya ya yi ya mutu, kuma motar na shaƙewa in na sha man ƴan ruwa-ruwa. (Ma'aikaciya, Kara-Kara)

Malama, na biyun mai sauƙi ne. Man kwalba araharsa ta tafi tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023, a nan kuma aka sauke litar esans a gidajen mai daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024. Ga matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut tana aiki tun 2011. Sai dai in mai ya yanke a gidajen mai, to a tace miki na kwalbar da kyalle mai tsabta. Canza filtar esans, ki daina barin tanki na kaiwa ƙasa, don man ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa.

Batir kuwa zafi ke ƙafar da ruwansa. In mai marafai ne, a buɗe duk wata a ƙara tataccen ruwan batir har ya rufe farantan, ba asid ba. Farin garin da ke taruwa a kawunansa, jiƙa ƴar kanwa ki goge da tsohon buroshi, ki kula kada ta shiga ramukan, sannan ki shafa giris. Kafin ki sayi wani, mai gyaran wuta ya auna miki da mita: a kashe ya nuna wajen volt 12.6, inji na aiki tsakanin 13.8 da 14.4. In ya haura 15, caja ce ke dafa shi, sabon ma haka zai mutu. In kuma ya ce zai cire kan batir inji na aiki don ya gwada caja, ki hana shi, gwajin nan na ƙona kwamfutar mota.