Yaya Yurok ke cewa "sun yi gudu tare"?

Tambaya: Malam, na ji an ce a harshen Yurok na Amurka kalmar gudun mutum ɗaya daban take da ta gudun jama'a. Gaskiya ne? In haka ne, yaya abin yake aiki?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Yurok harshen wata al'umma ce ta 'yan asalin Amurka da ke zaune a arewa maso yammacin jihar Kalifoniya, a gaɓar kogin Klamath har zuwa inda ya faɗa tekun Fasifik. A 1913 masanin harsuna Edward Sapir ya ce Yurok yana da dangantaka ta nesa da wasu harsunan 'yan asalin Arewacin Amurka irin su Cree da Ojibwe, aka yi ta gardama, daga baya masana suka yarda da shi.

Idan mutum ɗaya ne, sai ya ce ro'opek', wato "ina gudu" ko "na yi gudu". Wannan k' na ƙarshe shi ke nuna "ni", kuma furucinsa irin na ƙ ɗinmu ne. Alamar da ke tsakiyar kalmar kuwa hamza ce, kamar ta "sa'a". To, idan gungun mutane ne suka kwasa a guje tare, ba a ɗauko ro'op- a liƙa masa "tare". Ana sauya kalmar ne, a ce lo'omah. Ita lo'omah tana cikin aikatau da ba sa ɗaukar ɗafa-ƙeyar mai aiki, wato ƙarin ƙarshen kalma da ke nuna wanda ya yi aikin: ko mu ne, ko ku ne, ko su ne, siffarta ba ta canzawa. Wakilin suna, kamar nekah "mu" ko kelew "ku", ko kuma yanayin zancen, shi ke bayyana masu gudun. Lokaci kuma wasu ƙananan kalmomi ne da ke gabanta ke ɗauke da shi: kee ga abin da za a yi, ho ga abin da ya wuce.

Ba gudu kaɗai ke da wannan hali ba. Hegook' "ina tafiya" ne, amma tafiyar ayari tushenta le'm-, shi ya sa ake cewa le'moh, "mun tafi tare". Sai dai irin wannan sauyi na gaba ɗaya a aikatau kaɗan yake. Yawanci ɗan ƙari ake cusawa kafin ƙarshen kalma: nepek' "ina ci" ya koma nepee'moh, helomeyek' "ina rawa" ya koma helomeye'moh. R. H. Robins, wanda ya wallafa nahawun harshen a 1958, ya lura da wannan ƙari, Andrew Garrett na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kuma ya bayyana shi a matsayin jam'in aikin da aka yi a ƙungiyance.

A nan ne Bahaushe zai iya zamewa. Da ya ji an ce aikatau na nuna yawa, sai hankalinsa ya tafi ga "firfita" da "zazzauna". Ba laifi, domin daga nazarin Hausa da danginta na Cadi ne masanin harshe Paul Newman ya ƙirƙiro sunan da masana ke kiran wannan ninki da shi, wato "pluractional", a 1980. Amma "sun firfita" rarraba aikin take yi, wannan ya fita, wancan ya fita, kowa da ƙofarsa. Lo'omah tattarawa take yi. A ganina abin da ya fi kusa da ita a Hausa shi ne "dunguma": mutum ɗaya ba ya dungumawa, kuma waɗanda suka dunguma tafiya ɗaya suka yi. Bambancin shi ne mu kalma ce muka tsinta nan da can, su kuwa tsari ne da ya ratsa nahawunsu.

Maimaita aiki kuma hanyarsa daban a Yurok: ana cusa -eg- bayan baƙin farko, ko a ninka gaɓa.

Archie Thompson, wanda ake ɗauka na ƙarshe cikin waɗanda suka tashi da harshen tun daga nono suna magana da shi yau da kullum, ya rasu a 2013. Yanzu ana koyar da Yurok a makarantun gwamnati na gundumomin Humboldt da Del Norte, ga ɗaliban da Turanci ne harshensu na farko. Turanci ba ya bambanta gudun gungu da na mutum ɗaya a jikin aikatau, don haka dole malami ya koyar da ro'opek' da lo'omah a matsayin kalmomi biyu da za a haddace.