Tambayi Likita: Sitoma, Bakin Mahaifa da Gyambon Baki

Tambaya: Likita, an haifi ɗana ba shi da dubura. Aka yi masa aiki, yanzu kashi ta gefen cikinsa yake fita. A takarda an rubuta kolostomi da sitoma. Haka zai rayu ke nan? Daga wata uwa, Gusau.

Amsa: Allah ya raya mana shi, Maman yaro. Sitoma da Girkanci baki ne, kuma yawanci aikin da sunansa ya ƙare da "ostomi" ƙofa aka buɗe wa wani sashe na jiki zuwa waje. Kolostomi na babban hanji ne, iliyostomi na ƙaramin hanji, wanda akan yi wa wasu da taifot ya huda wa hanji, tirakiyostomi kuma na maƙogwaro don numfashi.

Na ɗanki na wucin gadi ne. Kusan jariri 1 cikin 5,000 ake haifa haka, kuma yawanci aiki uku ake yi. An gama na farko. Bayan wasu watanni za a buɗe masa dubura a tsakiyar naman da ke riƙe kashi, a koya miki faɗaɗa ta kullum da wasu 'yan sanduna don kada ta tsuke, sannan a rufe sitomar. Faɗaɗawar nan ce iyaye ke gudu saboda kukan yaro, alhali ita ce ke hana a sake aiki. Ba zan ɓoye miki ba, wasu yaran na fama da taurin bayan gida ko kasa riƙe shi daga baya, gwargwadon nisan inda hanjin ya tsaya.

Sitoma mai lafiya ja ce, da damshi kamar cikin kumatu, ba ta zafi in an taɓa, kuma ɗan jini wajen gogewa ba komai ba ne. Fatar gefenta ce abin lura, don kashi na cin ta. Ki wanke da ruwan ɗumi, ki busar, ki shafa man zink ko Vaseline idan tsumma mai tsabta kike sa masa, tunda jakar da ake mannawa don tara kashin na da tsada. In ta yi baƙi, ko hanjin ya zazzago da yawa, ko kashi ya tsaya ciki ya kumbura yana aman kore, ki kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Cikina wata shida, takardar sikanin ta nuna "os" a rufe yake. Sai an yi mini tiyata kafin in haihu? Daga wata amarya, Maraɗi.

Amsa: A'a, albishir ne ma. Os da Latin baki ne, a nan bakin mahaifa ake nufi, kuma a rufe ake son sa har naƙuda ta zo, sannan ya buɗe sannu a hankali zuwa santimita 10. Wadda nasa ke buɗewa da wuri ba tare da ciwo ba, tana yawan ɓari a wata huɗu zuwa shida, ita ce ake yi wa ɗaurin mahaifa wajen mako 12 zuwa 14, a warware ɗaurin a mako 36 ko 37. Ki ci gaba da zuwa awo.

Tambaya: 'Yata mai shekara huɗu ta tashi daga ƙyanda, dasashinta ya kumbura yana jini, bakinta na wari. Mai kemis ya ce sitomatayitis ne. Daga wani uba, Argungu.

Amsa: Malam, kalmar ba ta ce komai ba illa kumburin cikin baki, ba ta faɗi sanadi ba. Yarinya mai waɗannan shekaru, bayan ƙyanda, da warin baki, abin da nake tsoro shi ne noma, cutar da ke cinye kumatu da leɓe cikin 'yan kwanaki, musamman ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa. Mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba ba sa kai labari, amma a matakin dasashi maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki na tsayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023, kuma akwai asibitin yara masu noma a Sakkwato tun 1999. Ka kai ta asibiti mafi kusa yau, kada a shafa toka ko garin gargajiya a wurin. In kumatun ya fara kumbura ko ya yi duhu, ka nemi a tura ku Sakkwato.