Shin dole ne in koyi Katalanci kafin in samu takardar zama?

Tambaya: Barista, shekarata ɗaya da rabi a garin Vic na yankin Kataloniya a ƙasar Sifaniya, ban da takarda. Ina ɗan jin Sifaniyanci. Abokai sun ce shiga ajin Katalanci ɓata lokaci ne. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, abokanka sun faɗi rabi sun bar rabi. Babu dokar Sifaniya da ta ce sai ka iya Katalanci za a ba ka izinin zama. Amma ɗaya daga cikin hanyoyin da ke gabanka ta kansa ta bi.

Tun 20 ga Mayu 2025, sabon tsarin shige da fice ya rage jiran izinin zaman da ake kira arraigo, wanda ake ba baƙon da ya daɗe a ƙasar ba takarda, daga shekara 3 zuwa 2. Iri biyu ne suka fi shafarka. Idan kana da mai ba ka kwantiragin aiki na aƙalla awa 20 a mako, arraigo sociolaboral za ka nema, kuma ba ruwansa da rahoton harshe. Idan babu kwantiragi, babu kuma mata, iyaye ko 'ya'ya masu takarda a ƙasar, sai arraigo social, wanda ke buƙatar shaidar abin dogaro da kai da rahoton cewa ka saje da jama'ar gari. A nan gizo ke saƙa. A Kataloniya, gwamnatin yankin, Generalitat, ita ke fitar da rahoton bayan ƙaramar hukumarka ta yi hira da kai, kuma abin da aka saba nema shi ne shaidar karatun harshe na awa 45. Mai hirar zai iya jefo maka tambaya da Katalanci ya ga ko za ka kama.

Mai alƙawarin kwantiragi kan canza ra'ayi ana saura mako guda. Shi ya sa nake cewa kada ka rataya komai a wuyansa.

Ka je ofishin hukumar CPNL, wadda ke koyar da manya Katalanci tun 1989, ka nemi matakin farko. Gurabe kan cika da wuri, saboda haka ka tambayi ranar buɗe rajista. Ka riƙa zuwa aji, domin wanda ke yawan fashi ba ya samun takardar halarta, ita kuwa za ka miƙa. Akwai kuma tsarin tarbar baƙi na dokar Kataloniya ta 2010: awa 90 na Katalanci, 90 na Sifaniyanci, da darussa kan aiki da zamantakewa. Satifiket ɗinsa na ƙara wa fayil nauyi.

Kafin duk wannan, duba rajistarka ta mazauna gari, wato padrón. Ita ce babbar shaidar shekarunka 2. Idan ka canza ɗaki, sabunta ta nan take. Wanda kuma ya nemi mafaka ya sani lokacin jiran amsa ba ya shiga lissafi.

Kada ka yar da Sifaniyanci. Ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa, bayan shekara 10 da takarda ga ɗan Najeriya ko Nijar, jarrabawar DELE A2 ta Sifaniyanci da CCSE ta sanin tsarin mulki da al'adun ƙasar za ka zauna, Katalanci ba ya maye gurbin DELE. Wata shidan da suka rage maka sun isa ka gama aji ɗaya, ka kuma aika gida a fara nemo maka takardar shaidar rashin laifi, don tantance ta da fassara ta kan ɗauki lokaci.