Zauren Tambaya: Na bar gari ina kuka

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne a wata kwaleji a nan Jos, ina aji biyu, gidanmu yana Gangare. Wannan zangon na ɗauki darasin kiɗa da waƙa cikin darussan zaɓi, don na kauce wa wani mai lissafi da yawa. Ashe gudun gara na yi na tarar da zago. Tun ina sakandare nake rubuta waƙa a bayan littattafaina, wayata kuma cike take da tsofaffin waƙoƙin da na tura daga wayar kawuna, shi ya sa na ɗauka abin zai zo mini da sauƙi.

Yawancin 'yan ajinmu a ƙungiyar mawaƙan coci suka tashi. Malam yana rubuta do, re, mi a allo, kafin ya ajiye alli sun rera. Ni kuwa sai raba ido. Mako shida muna kan layuka biyar ɗin nan na rubuta kiɗa da ɗige-ɗigensu, ko sau ɗaya ba a yi zancen abin da waƙa take faɗa ba, alhali ni abin da yake kai ni ga waƙa ke nan.

Sai aka ba mu aikin gida: kowa ya tsara kari mai sauti takwas, sannan ya ɗora masa kalmomi da harshen da ya ga dama. Na kwana biyu a ɗan sutudiyon wani abokina a Dilimi ina danna fiyano har na samu karin da ya yi mini daɗi, na ɗora masa wannan layi: "Na bar gari ina kuka." Da na dawo gida na rera wa Kaka tana tsintar wake. Baba, sai da ta ajiye faifan don dariya. Ta ce, "Garin masara ka bari ko na dawa? Kuka kuwa tana cikin gwangwanin madara a bayan ƙofa, je ka ɗauka." Malam ya ba ni takwas cikin goma, Kaka ta ba ni sifiri.

Wane ne ya yi daidai a cikinsu? Ko Hausa ce ba ta shiga wannan rubutu na Turawa? Kuma ni da kalma ce take fara shiga kunnena kafin kiɗa, ina da rabo a wannan fanni? Ga mahaifina ma yana cewa bai biya kuɗin makaranta don in koyi roƙo ba.

Ɗanka, daga Gangare, Jos

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe mini da Kaka da kyau, ka ce mata na ce ta yi maka gyaran da wani sai ya biya kuɗi kafin ya samu.

Duka biyun sun yi daidai, kowa abin da ya auna daban. Malaminka ya duba ko sautukanka takwas ne, ko sun zauna a ma'auni, ko sun sauka inda kunne yake jira. Sun yi, ya ba ka takwas. Kaka kuwa Hausa ta saurara, sai ta ji ka aike ta kicin.

Bari mu feɗe layin naka. Rubutun bokonmu yana ɓoye abu biyu da baki yake yi kullum: tsawon wasali da karin sauti. Garin da mutane suke zaune a ciki, "ga" ɗinsa gajere ne kuma murya tana ƙasa, sannan ta hau a "ri". Garin tuwo kuwa "ga" ɗinsa dogo ne, murya tana sama tun daga farko har ƙarshe. "Ina" ta mai cewa ina tafiya daga sama take saukowa; "ina" ta tambaya daga ƙasa take hawa. Kukan hawaye sama yake duka gaɓoɓinsa biyu. Kukar miya tana farawa sama ta faɗo. Ban ji karin naka ba, amma daga dariyar Kaka na san abin da ya faru. Ka ja "ga" don ta cike maka ma'auni, ka hau a "na", sannan ka sauko kan do a ƙarshe kamar yadda aka koya muku a rufe kari. Tarko uku a layi ɗaya, kuma ka taka duka. Ko da gangan aka ce in ƙirƙiro misali don aji, ba zan samu wanda ya kai naka ba.

Gwada wannan. Ka rufe fiyano, ka faɗi layin da bakinka sau goma kamar kana ba abokinka labari, sannan ka rufe baki ka yi gunjinsa kawai. Za ka ji sama, sama, ƙasa, sama, sama, ƙasa, sama, sama. Za ka kuma ji cewa duk saman da ya biyo bayan ƙasa bai kai wanda ya gabace shi tsayi ba, domin maganar Bahaushe gangara take yi kamar mai saukowa daga dutsen Shere. Yanzu buɗe fiyano ka nemi abin da ka ji. Wani abu kamar la, la, mi, so, so, re, mi, mi zai fito, "ga" da "i" a gajarce, sauran a ja su. Ga sauti takwas, malam ba zai yi ƙorafi ba, Kaka kuma ba za ta tashi neman gwangwani ba. Karin yana cikin kalmar tun kafin ka taɓa fiyano.

Kada ka ɗauka doka ce da ba a taɓa karya ta. Manyan mawaƙa suna saɓa wa karin sauti nan da can, musamman a ƙarshen layi, ma'ana kuma ta tsira saboda abin da ya gabata ya riga ya share mata hanya. Abin da ba su cika wasa da shi ba shi ne nauyin gaɓa. Ka saurari masu rera rubutacciyar waƙa, ko almajiri mai bara da baitocin wa'azi: gajeriyar gaɓa ba ta zama doguwa don kawai kari yana so. A kan wannan ne ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa ya tsaya, wanda malamanmu suka daidaita da arulin Larabci tun zamanin su Nana Asma'u.

Lokacin da muke yara, in aka yi sabon yanka ko za a yi dambe, tun daga nesa muke jin kalangu. Makaɗin yana rataye da shi a hammata. In ya matse tsarkiyoyin da damtsensa fata ta ɗaure, sauti ya hau. In ya sassauta ya sauko. Da wannan matsi da sakin yake kiran mutum da takensa, ba tare da ya buɗe baki ba, sai ka ga ƙato ya ajiye wuƙa ya miƙe tsigar jikinsa ta tashi. Me ya ji? Hawa da saukar kalmomin kirarinsa ya ji, an cire baƙaƙe da wasula an bar masa karin. Wanda ya taso da wannan a kunnensa ba za a ce masa kalma daban, kiɗa daban ba.

Don haka tambayarka ta ko kana da rabo, ni dariya ta ba ni. Kana garin Ɗan Maraya kana wannan tambaya? An haife shi a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015, kuma duk abin da ya riƙe a hannu kuntigi ne mai tsarkiya ɗaya tal. Ba 'yan amshi, ba tarin makaɗa. Abin da ya tsayar da mutane shi ne ya dubi karen mota da sauran talakawan da ba mai yi musu waƙa, ya faɗi rayuwarsu da kalmomin da su kansu suke faɗa. In aka rubuta kiɗan kuntiginsa a layukanku biyar, 'yan sautuka ne suke ta juyawa. Mai duba takarda kawai zai ce ba komai a ciki.

Amma kada wannan ya sa ka raina ajin, don na hango inda zuciyarka take son zuwa. Rubutun nan ba maƙiyinka ba ne, kuma shi kansa daga kalma ya fito. Wani malamin coci a Italiya, Gido na garin Arezo, shi ya tsara shi a ƙarni na 11, ya ciro sunayen sautukan daga gaɓar farko ta layukan wata waƙar addini ta Latin. Da "ut" ake farawa, daga baya aka mai da ita "do". Salon da abokanka suka iya, na rubuta haruffa zalla, a Ingila aka gyara shi a ƙarni na 19 don koyar da jama'a rera waƙa, 'yan mishan suka zo da shi nan. Ba baiwa ce ta sa suka fi ka ba, shekara goma suka yi suna maimaitawa duk mako. Ka samu ɗaya daga cikinsu ku riƙa zama rabin awa bayan aji. Kuma ka tambaye shi yadda suke yi da nasu harshen, domin Birom da Angas ma masu karin sauti ne. Ka tambaye shi bambancin waƙar da aka juyo daga Turanci aka ɗora wa Hausa, da wadda matan zumunta suka ƙirƙira da kansu suna buga tulu. Zai gane abin da Kaka ta ji nan take.

Akwai abin da takarda take kamawa, akwai wanda yake zille mata. Fiyano ya raba tsakanin do da do na sama gida 12, farare 7, baƙaƙe 5. Ka gwada bin baƙaƙen nan kaɗai, za ka yi mamakin yawan tsofaffin karin waƙoƙinmu da za su fito, don da yawansu a kan sauti biyar suke tafiya. Amma mai goge yana zame yatsa ya tsaya a tsakanin gida biyu, inda fiyano ba shi da maɓalli. Can kuma babu wurin rubuta yadda jagora yake jefa ɗan waƙa 'yan amshi su cafe su mai da shi gindi, ko yadda habaici yake sa rabin fili dariya rabi su sunkuyar da kai. In an zo aikin ƙarshen zango, ka roƙi malam ya bar ka ka ɗauki waƙar gargajiya ɗaya, ka rubuta abin da ya rubutu, sannan ka yi bayanin abin da ya ƙi. Ina zaton zai fi jin daɗin karanta wannan a kan takarda ta arba'in mai do, mi, so.

Af, tunda ka ambaci sutudiyo. Abin da ya same ka shi yake samun yara da yawa yanzu. Ana haɗa kiɗa a kwamfuta tukuna, a ba mawaƙi ya cusa kalmomi, sai ka ji an ja wasalin da ba ya jawuwa don kawai a kai ga amsa-amo. Akwai masu kunne a cikinsu, ban ce babu ba, kuma ba duk tsohuwar waƙa ce ta ƙwarai ba. Amma in ka ji waƙa ta yi daɗi a mota ta kasa zama a baki, sau da yawa nan ne ciwon yake.

Batun mahaifinka, kada ka ja da shi. Ya san zamanin da mawaƙi yake bin gidan biki da 'yan ma'abba, kuma ba ya so ya ga ɗansa a nan. Na san za ka so ka ce masa ai Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Gaskiya ne, amma kada ka fara da nan, zai ce to kai Shata ne? Ka zauna ka nuna masa zancen gari da kuka, ya ga nazarin harshe kake yi, darasi ɗaya cikin darussa. Hukuncin kiɗa a addini kuwa na malamai ne, ba na wannan zaure ba. In ka gyara layin ka sake rera wa Kaka, ka rubuto mini maki nawa ta bayar.

TAMBAYA

Baba, gardama muke yi a majalisarmu ta mai shayi a Farin Gada. Ni na ce kuntigi da gurmi abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. An sa kuɗin shayi na mako guda.

Mai karatu, daga Farin Gada

AMSA

To, shirya kuɗin shayi. Kuntigi ƙarami ne, tsarkiya ɗaya, jikinsa ɗan gwangwani ne irin na kifi da aka rufe da fata. Gurmi da ƙoƙo ake yin sa, tsarkiyarsa biyu, kuma an fi saninsa a fagen kokawa. Kada kuma gobe ka koma ka ce musu kukuma ce, don ita gogawa ake yi da izga kamar goge, ba a kaɗa ta da yatsa. Ka ce wa mai shayin ya sa madara da yawa a na wanda ya ci gardamar.