Imel ya ƙi ɗaukar sautin da na naɗa

Malam, ka ce ka naɗi hira ta minti 30 don shirinka, amma Gmail ya ƙi tura ta. Ba laifin intanet ɗinka ba ne, nauyin fayil ɗin ne. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25, shi kuwa fayil irin naka, wato WAV, nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, minti ɗaya yakan ci wajen megabait 10. Ka ga naka ya kusa 300 ke nan.

Buɗe shi a Audacity, manhajar gyaran sauti ce ta kyauta, ka fitar da shi a MP3 don ka matse shi. In ka saita ingancin sautin a 64 kbps, murya zalla ba ta lalacewa, zai dawo kamar megabait 15. Amma in mai gyaran sauti za ka aika wa, kar ka matse. Ɗora asalin a Google Drive ka ba shi mahaɗin.