Tambayoyin Masu Karatu: Hawan Dutsen Fogo Bayan Tafiyar Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin ma'aikatan wani jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska da zai tashi daga Tema zuwa tsibiran Cape Verde, kuma za mu yada zango a tsibirin Fogo. Na taɓa hawan dutsen Afadjato na nan Ghana ban sha wuya ba. Shin zan iya barin jirgi da safe, in hau dutsen Fogo, in dawo kafin dare? Daga wani mai karatu a Nima, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka yi haka. Afadjato bai kai mita 900 ba, shi kuwa Pico do Fogo, wato dutsen da kake son hawa, tsayinsa mita 2,829 ne, ga shi dutse mai aman wuta wanda a ƙarshen 2014 ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira. Mutumin da ya daɗe a kan teku ƙafafunsa sukan yi sanyi, kuma idan ya tashi daga bakin ruwa ya nufi ƙololuwa a yini guda, numfashi ne zai fara gaya masa gaskiya.

Ka shiga mota daga São Filipe, babban garin tsibirin, zuwa Chã das Caldeiras, ƙauyen da ke cikin kwarin dutsen a tsayin kusan mita 1,700, ka kwana can. Ka ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, ku kama hanya da an idar da sallar asuba, domin babu inuwa ko kaɗan, kuma hawan yakan ci awa uku zuwa huɗu. Kusa da sama akwai inda dole ka dafa duwatsu da hannu. Saukowa kuwa ta cikin baƙin toka ake yi, ƙafa na nutsewa har idon sawu, tsakuwa na cika takalmi, saboda haka silifas ba su da wuri a nan. Ka riƙe rigar sanyi da isasshen ruwa, don sanyin can ba irin na hunturun Accra ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne jirgin. Tashar Fogo ƙarama ce kuma igiyar ruwa na dukanta, kyaftin na iya tashi ba shiri. Ku yi magana da shi tun kafin ka sauka, ku tsayar da inda za ku haɗu idan hakan ta faru.