Me ya haɗa ido da Gizo?

Wani matashi mai zanen alluna a Gusau ya rubuto mini cewa wata rana da almuru, yana dawowa daga wajen Kwatarkwashi, ya hango wata dabba tsugune a bakin hanya, ƙaho uku a kanta, kunne ɗaya na kaɗawa. Da ya matsa sai ya tarar kututture ne da baƙar leda. Bai bar abin ya wuce ba, ya koma gida ya zana dabbar yadda ya fara ganinta. Kakarsa ta duba ta ce: "Ido ne ya yi maka gizo." Shi ne yake tambaya: "Malam, mi ya haɗa ido da gizo?"

Ɗana, kakarka ta faɗi Hausa tsantsa. Gizon da take nufi shi ne na tatsuniya, wadda ku a can yamma kuke kira gatana: mijin Ƙoƙi, sarkin wayo, wanda ke nuna wa kura abu a nan alhali yana can. Yin gizo shi ne abu ya fito wa ido a siffar da ba tasa ba, ko ya bayyana ya ɓace. Uwar da ɗanta ya yi nisa takan ce fuskarsa na yi mata gizo. Mai bashi ma kuɗi kan yi masa gizo a ƙarshen wata.

Abin da ya fi burge ni shi ne Bahaushe bai ɗora wa idon laifi ba. Bai ce ido ya lalace ba, cewa ya yi an yi masa wasa, kuma ya ambaci ɗan wasan. Ka tuna yadda ake rufe gatana: "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Wato Gizo ne lasisin ƙirƙira. Duk abin da aka jingina masa ya fita daga hukuncin ƙarya ya shiga na hikima. Dabbarka mai ƙaho uku a gidan nan aka haife ta.

Kada ka haɗa gizo da kawalwalniya. Ita kawalwalniya ruwan ƙarya ce da kake hangowa kan kwalta da tsakar rana a bazara, kuma duk wanda ke cikin motar zai gan ta, domin zafin iska ne ke lanƙwasa haske. Gizo kuwa naka ne kai kaɗai. Fatalwa daban ce, can maganar matattu ake yi.

Harshen kansa cike yake da irin kututturenka. Wani ya dubi katantanwa tana fito da ƙahonninta, ya ce dodon koɗi. Wani ya ga dabba mai dogon wuya ya ce raƙumin dawa. Launukan da ke fitowa bayan ruwa sun zama bakan gizo, wasu tsofaffi kuma suka ce masha-ruwa, domin a ganinsu wata halitta ce ta sunkuyo tana shanye ruwan sama. Tarin taurarin nan ƙanana an ce kaza da 'ya'yanta. Babban kifin da ake fafutukar kamawa a Matan Fada lokacin bikin Argungu kuwa giwan ruwa ne, ba haure ba hanci. Af, ku lura: giwa mace ce, nahawu zai so a ce giwar ruwa, amma bakin masunta ya zaɓi giwan. Ni dai ba na gardama da mai homa a kan sunan kifi.

Masu sana'ar hannu ma haka. Maɗinki ya jera dogayen tsinaye a ƙirjin babbar riga ya ce aska takwas. Dagi, wanda yanzu muke kira dagin Arewa, asalin kalmar tafin ƙafar kyanwa ne ko zaki. Can a Italiya, Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a 1519, ya shawarci masu koyon zane su riƙa ƙura wa tabon bango ido har su ga fuskoki da duwatsu da fagen yaƙi. Da ya zo garinmu bayan damina ya ga bangon laka, da bai rasa darasi ba.

Wata malamar firamare daga Yauri ta ce ɗalibanta sun zana 'yan ruwa, rabi mutum rabi kifi, tana so ta san ko ayu ne ake nufi.

Malama, kalmomin biyu ne. Ayu dabba ce ta gaske a kogin Kwara, tana cin ciyawa, tana leƙowa ta shaƙi iska, tana shayar da ɗanta da nonon da ke kusa da hammatarta. 'Yan ruwa kuwa iskoki ne a imanin mutanen da. Sai dai wanda ya hango kan ayu da asuba cikin hazo, daga cikin kwalekwale, ba a yi masa dariya in ya rantse mutum ya gani. Ko Kolumbus, Baturen nan matuƙin jirgin ruwa, a 1493 ya ga danginta a yankin Karibiyan ya ɗauka matan ruwa ne, har ya yi ƙorafin ba su kai kyan da ake zana su ba. Ki bar yaran su zana, amma ki sa su rubuta sunan kowanne a ƙarƙashinsa.

Tambaya ta ƙarshe daga Talata Mafara take. Wani dattijo ya ce ai karin magana ta riga ta yanke hukunci: "Kama da wane ba ta wane." To ina amfanin zanen abin da babu shi?

Baba, Allah ya ƙara girma. Karin maganar gaskiya ce, amma wurinta gaban alƙali da kasuwa, inda ake tsoron a kama wani a madadin wani, ko a yi wa rogo kallon kitse. Akwai wadda ta fi kusa da zancenmu: "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu." Tana nuna cewa abin da ke cikin zuciya shi ke zaɓa wa ido siffa. Tsumma ɗaya ne, amma wanda aka sara maciji yake gani, bazawara ta ga abin goge tukunya. Shi ya sa nake so ɗan Gusau ya sake rubuto mini ya faɗa mini dabbar da ta taɓa kora shi yana yaro. Ina zargin bunsuru ne.